Liyarin da Inna Ta Wanke

Har gobe, in na ga mutum ya ɗauki tsabar kuɗi ta gefe-gefe da yatsu biyu kamar ya kama kunama, sai raina ya ɓaci. Shekaru sun ja, 'ya'yana sun yi 'ya'ya, amma ni dai ban huce ba. Mutane suna cewa ina da riƙo. To, ina da shi, kuma a kan wannan maganar ba na neman kowa ya ba ni haƙuri.

Mahaifiyarmu, da muke kira Inna, tana da liyari guda ɗaya. Yaran yanzu ba su san liyari ba. Tsohon kuɗin azurfa ne, faffaɗa, mai nauyi, ya kusa cika tafin hannun yaro. A gefe ɗaya akwai hoton wata mata kakkaura da mayafi a ka, a ɗaya gefen wani tsuntsu mai kai biyu. Dangin Inna na wajen Birniwa gursu suke ce masa, irin na bakin Barebari. Daga uwarta ta gaje shi, ita kuma uwar tata tun suna bin shanu ta same shi, kafin su zauna a gari. Matan da na sani masu liyari duk sun kai maƙera an yi masa kunne, wato ɗan zoben da ake zura zare a rataya a wuya, su fito da shi ranar biki. Na Inna ba shi da kunne. A 'yar lalita yake zama, ɗaure a bakin zaninta, kuma ba don ado take ajiye da shi ba.

Lokacin da Baba ya rasu, a shekarun farin nan da fadama ta ƙi cika, idon Inna ya riga ya fara tafiya. Tana cikin takaba na fara ganin ta da liyarin a hannu. Sai ta zauna a gindin bishiyar maina ta tsakar gidanmu, ta kwance lalita, ta ɗora babban yatsanta a kan fuskar matar nan tana murzawa a hankali. Na tambaye ta me take yi. Ta ce ita da wannan baiwar Allah abu ɗaya ya same su, in duba mayafinta da kyau, ita ma takaba take yi. Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Takaba ta ƙare, murza ba ta ƙare ba. Da idon ya rufe gaba ɗaya sai ya zama carbi a hannun dama, liyari a hagu. Da yatsa ta san inda hancin matar yake, da ɗan maɓallin da ke kafaɗarta, da rubutun da ya zagaye baki. Idan tana jin rediyo tana murzawa. Idan ana hayaniya a gida tana murzawa. Idan jika ya ƙi yin shiru sai ta buga shi a kan dutsen niƙa, ya yi wata ƙara siririya mai daɗewa, yaro ya saki baki yana saurare. A kumatun matar har ɗan lotsawa ya samu, daidai inda yatsan Inna ke zama. Duk wanda ya san gidanmu ya san hannun Inna na hagu ba ya zama fayau.

Ni a lokacin ina koyarwa a firamare, gidan mijina bai da nisa da namu, kullum in an tashi sai na biya. Yayanmu kuwa, wanda shi ne ɗan farin Inna, yana aiki a ma'aikatar noman rani, can birni. Inna Bafulatana ce ta gaske, kunyar ɗan fari a jininta take. Ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, ban taɓa jin ta yi masa magana kai tsaye ba. Yana zaune a gabanta za ta juyo wajena ta ce in tambayi wancan ko ya ci abinci, in gaya wa wancan ya rage gudu da mota. Haka muka taso muka gani, ni ce bakin Inna a wajen Yaya.

Kada in shiga haƙƙinsa, Yaya ba mugu ba ne. Shi ya sa wa ɗakin Inna kwano, shi ya yi ta yawon asibiti da ita a kan idon. Amma mutum ne mai son takarda, so irin na ciwo. Bangon falonsa ba masaka tsinke, duk satifiket ne a cikin gilashi. Ko taron bita aka tura shi ya sha lemo ya dawo, sai ya rataya shaidar halarta. Ina yi masa tsiya cewa saura katin rigakafin yara, ya ce ni ba na ganin darajar komai. A wajen Yaya, abin da ba a buga wa hatimi ba bai gama zama gaskiya ba.

Da daminar shekarar da aka ba mu jiha ya zo duba shinkafarmu ta wajen Auyo. Ruwa ya cika hanya, ya rasa mai tsallakar da shi, ya dawo gida ya zauna a tabarma. Inna ta yunƙura za ta gyara zama, liyarin ya suɓuce ya gangara har ƙafarsa. Ya ɗauka zai miƙo mini, sai ya tsaya yana juya shi. A ƙarƙashin tsuntsun nan ya ga an rubuta 1780. Wallahi na ga lokacin da idonsa ya canja. Ya yi lissafi da baki, ya ce shekara ɗari biyu da ɗoriya, abin tarihi a ɗaure a bakin zani, mu kuma muna zaune muna kallo.

Bai koma birni da niyyar sayarwa ba, wannan na yarda. Abin da ya shiga ransa shi ne a tantance. Wani abokin aikinsa ya gaya masa akwai masu duba irin waɗannan tsofaffin kuɗi a ƙasar waje, su auna, su ba shi maki gwargwadon lafiyarsa, su haɗo da takardar shaida. Akwai kuma wani dillalin kayan tarihi a Kano da yake fara dubawa, in ya ga ya cancanta ya aika musu. Ba a daɗe ba Yaya ya aiko cewa zai zo da mutumin ranar Asabar, a shirya.

Da na gaya wa Inna, sai ta rikice irin rikicewar da take yi idan za a yi baƙo. Ta sa aka share gida har bayan rumbu. Ta sa aka dama fura da nono mai kyau, aka nemo bandar kifi da za a ba baƙo ya tafi da ita. Sannan ta ce in jiƙo mata tsamiya, in tankaɗo toka mai laushi. Ta ce mutum zai taso tun daga Kano don ya ga abinta, ba za ta miƙa masa shi da dauɗa ba, ba ta gani amma ta san ya yi baƙi a lungu-lungu. Na jiƙo, na tankaɗo, kuma ko yau aka maimaita zan jiƙo. Haka muke wanke azurfa tun kaka da kakanni, haka ake wanke munduwa da zobe da 'yan kunne. Ta zauna da safiyar nan ta cuɗa shi da yatsunta, ta ɗauraye, ta goge da gefen sabon zani. Ta ɗaga shi ta tambaye ni ko yana haske. Na ce yana ɗaukar ido. Ta yi murmushi, ta sa aka ɗora shi a kan sabon faifai.

Suka iso bayan azahar. Dillalin dattijo ne tsaf-tsaf, mai fara'a, ya durƙusa ya gai da Inna yadda ya kamata, ya sha fura ya yaba. Ban ga laifinsa ba sai da ya buɗe jakarsa. Ya fito da farar safar hannu ya sa, a wannan zafin. Ya fito da ɗan sikeli, da wani ɗan madubi da ake maƙalawa a ido ɗaya. Na miƙa masa faifai. Ya kama liyarin ta baki-baki da yatsu biyu, ya ɗaga, sai na ga fara'arsa ta ragu.

Ya fara da abin daɗi. Ya ce nauyi ya cika, azurfa ce ta gaske, ba jabu ba ne. Yaya ya gyara zama. Sai ya ce amma maganar shekara a ajiye ta gefe, domin duk liyarin duniya wannan shekarar ake bugawa a jikinsa, wanda aka ƙera tun da can da wanda aka ƙera a zamanin iyayenmu, duka 1780 ne. Sai an bi wasu ƙananan alamomi ake gane tsoho, su kuma alamomin a jikin wannan sun shafe. Ya nuna wa Yaya kumatun matar da ɗan maɓallin kafaɗa, ya ce hannu ya cinye su. Kunnen Yaya ya fara motsi, na san ransa ya soma ɓaci.

Sai dattijon ya kai liyarin hanci, ya shinshina, ya kalle mu.

"Wa ya wanke shi?"

Inna ta amsa da murnarta, ta ce ita ce, da safen nan, saboda zuwansa.

Ya girgiza kai, ya yi salati ƙasa-ƙasa kamar an gaya masa rasuwa. Ya ce baƙin nan da aka wanke shi ne shaidar shekarunsa, shi masu abin suke nema. Ya ce toka ta yi masa ƙananan zane ko'ina, ya ba Yaya madubin ya gani da idonsa. Ya ce da gogewar hannu ce kaɗai da da sauƙi, amma yanzu an haɗa masa biyu, kuma wanka ba ya gyaruwa. In an aika za su karɓa, za su shaida na gaske ne, sai dai za su rubuta a takardar cewa ya goge kuma an wanke shi, makinsa na can ƙasa.

Abin da Yaya ya yi daga nan shi ne ban yafe ba. Ya juya wajen Inna, a gaban baƙo, ya ɗaga murya.

"Haba Inna, wa ya sa ki? Abin da ya yi shekaru yana lafiya, kin ɓata shi a safiya ɗaya. Dama kullum kina ta murza shi kamar goro, ga shi kin cinye fuskar."

Inna ba ta ce komai ba. Ina za ta ce? Matar da ba ta taɓa tambayarsa ko ya kwana lafiya baki da baki ba, ita ce za ta tsaya musu da shi a gaban wani? Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe hannunta na hagu. Shi kuma ya san ba za ta amsa ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, ya san sarai ba za ta amsa ba. Na buɗe baki, sai na ji ta taɓa ƙafata da tata, na haɗiye. Har yau ina jin ɗacin abin da na haɗiye ranar nan.

Dattijon ya ga abin ya yi nauyi, ya shiga gyara. Ya ce Hajiya ba ta sani ba ne, kowa haka yake yi. Ya matso ya kama yatsun Inna da safarsa, ya koya mata yadda ake riƙe irin wannan kaya, ta baki kawai, kada fata ta taɓa fuska, domin gumin hannu ma yana ci. Ya ce in ya zama dole a taɓa, a wanke hannu tukuna. Inna tana ta cewa to, to, kamar 'yar aji ɗaya. Sannan ya fito da samfuri ya nuna mana yadda abin yake dawowa: wani kuɗi a cikin gidan roba mai haske kamar gilashi, an liƙe shi ruf, da 'yar takarda a sama. Na karɓa na juya, na nemi inda ake buɗewa na rasa. Ya ce ai ba a buɗewa, amfaninsa ke nan, in aka fasa shaida ta tashi. Ya ƙara da cewa mun ma yi sa'a ba a yi masa kunne ba, domin mai kunne ko mai huji shi ba ya ma karɓa ya aika. Na riƙe wannan maganar.

Yaya ya ce zai yi shawara zuwa ƙarshen wata. Kafin su tafi ya naɗe liyarin a auduga, ya sa a gwangwanin alawa, ya ɗora a saman kwabar Inna, ya ce kada wanda ya kuskura ya taɓa. Suka ɗauki bandar kifinsu suka shiga mota.

Washegari da na biya, Inna tana gindin maina, carbi a dama, hagu ba komai. Amma yatsan bai daina ba. Babban yatsa yana ta murza gefen manuni, yana zagayawa a hankali kamar liyarin yana nan. Na ce bari in sauko mata da shi, ai abinta ne. Ta ce a'a, an ce kada a taɓa. Na ce wa ya isa ya hana ta kayan uwarta? Ta ce in bari. Kwana da kwanaki haka. Ta rage jin rediyo, ta rage hira, jikoki suka yi ta neman a buga musu ƙarar nan ta ce ya yi tafiya.

Maƙwabciyarmu nas ce, 'yar wajen Kafanchan, ta daɗe a unguwar, ita ke shigowa ta ɗiga wa Inna maganin ido. Ita ta kira ni gefe ta tambaye ni me ya sami hannun Mama. Na je na duba. Gefen manunin ya saɓule, ya yi ja, har ya fara ruwa. Ta shafa mata magani ta naɗe da bandeji, sai Inna ta koma murza bandejin.

A ranar ce, bayan nas ta fita, Inna ta kira ni kusa ta ba ni saƙo.

"In wancan ya zo, ki ce masa ya yi haƙuri. Ban san wanka yana ɓata abu ba."

Na ce to. Amma a zuciyata na ce wannan saƙon ba da bakina ba. Na kai mata saƙonni iri-iri tun ina yarinya, na abinci, na gaisuwa, na faɗa a kaikaice, ban taɓa riƙe ko ɗaya ba. Wannan na riƙe shi. Tsohuwa makauniya ta wanke kayanta don ta girmama baƙon ɗanta, sannan ita ce za ta ba da haƙuri? Kai, ina!

Ƙarshen wata Yaya ya zo, na tare shi a zaure tun kafin ya shiga. Ya ce ya yanke shawara za a aika, ko makin ƙasa ne a dai samu shaida. Na ce shaidar me? Cewa azurfa ce? Mun sani. Cewa ya goge? Mun sani, mun ma san wadda ta goge shi, tana ciki. Takardar da za ta zo daga wata uwa duniya ta ce hannun Inna aibi ne, ita zai rataya a falo kusa da ta taron bita? Ya ce in daina maganar jahilci, ni da nake malama. Ya ce in duba da kyau, fuskar matar ta kusa ƙarewa, in aka bar Inna da shi nan da 'yan shekaru sai dai jikokinmu su gaji faifan azurfa sumul, ba hoto ba rubutu. Shi so yake ya tsare abin gidanmu.

Ba zan ɓoye ba, maganarsa tana da kama. Na tsaya na auna ta. Gaskiya ne fuskar tana tafiya. Amma na tambaye shi, in an liƙe shi a roba, wa zai amfana? Mu masu ido za mu kalla. Ita da ba ta da ido sai na yatsa fa? A miƙa mata roba mai santsi a ce ga gadon uwarki, shafa? Na ce ya shiga ya dubi hannunta. Ya shiga, ya gaishe ta, ya ga bandeji, ya tambaye ni ko ƙonewa ta yi. Na gaya masa. Ya ce zai sayo mata wani carbin mai manyan 'ya'ya ta riƙa ja da hagun. Allah ya gani, da ba yayana ba ne da na faɗi abin da ba ya faɗuwa. Ya ce zai wuce Miga ya kwana biyu a kan aiki, in ya dawo zai ɗauki gwangwanin ya wuce Kano da shi.

Da gari ya waye ban je makaranta ba. Na shiga ɗakin Inna tana sallar walaha, na miƙa hannu saman kwaba na ɗauke gwangwanin, na yi cikin kasuwa wajen maƙeran fari, masu aikin azurfa. Akwai wanda ya saba yi mana 'yan kunne. Na warware audugar na ce kunne nake so a yi wa wannan, yanzu, ina tsaye. Ya buga shi a kan uwar maƙera ya saurara, ya ce mai kyau ne. Ya tambaye ni ta sama ko ta ina, na ce ta saman kan matar, kuma ya yi mai ƙwari wanda ba ya cirewa. Ya hura wuta, ya lanƙwasa 'yar azurfa, ya haɗa. Ina kallo, raina fes. Na sayi baƙin zare mai kauri na zura. Daga wannan lokacin ba dillalin da zai karɓe shi, ba roba, ba maki. Shawara ta ƙare a maƙera.

Na dawo gida da saurina, ina jin na yi abin kai. Na durƙusa gaban Inna na ce ga liyarinki, an yi masa kunne, ba inda za a kai shi, naki ne har abada. Na rataya mata a wuya, na kamo hannunta na hagu zan ɗora a kai. Sai ta janye.

"Kawo mini ruwa in wanke hannu tukuna."

Na ce Inna, ba sai kin wanke ba, mutumin nan ya tafi. Ta ce in dai kawo. Na kawo buta, ta wanke, ta goge a zani. Sannan ta laluba zaren, ta bi shi har ƙasa, ta kama liyarin ta baki-baki da yatsu biyu, daidai yadda aka koya mata. Ta riƙe shi haka jim kaɗan, ta saka shi cikin riga. Na kama babban yatsanta da hannuna na danna a kan kumatun matar, a ɗan lotsawar nan da ita ta yi da kanta. Ta bar ni na danna. Ina sakewa ta ɗauke.

Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba, kuma ban san wa zan fara da shi ba. Na fita bayan ɗaki na yi kuka, ba na tausayi ba, na baƙin ciki tsantsa.

Yaya ya dawo daga Miga ya tarar da gwangwani ba komai. Ya yi faɗa, na yi, har nas ta leƙo ta katanga. Ya ce na lalata dukiyar gida da gangan, na ce ƙwarai da gangan. Ya yi wata da watanni ba ya amsa gaisuwata. Inna ta tambaye ni ko na isar da saƙonta, na ce mata komai ya wuce. Ban ce na isar ba, ban ce ban isar ba.

Ta rayu bayan nan wasu shekaru, har muka ga ruwa ya dawo fadama ya yi yawa, ya ci gonaki. Liyarin yana wuyanta dare da rana. Takan fito da shi, amma sai ta wanke hannu, kuma ta baki take riƙewa. Ba ta ƙara buga shi a dutsen niƙa ba. Na yi lallashi, na yi wasa, na yi fushi, na sa jikoki su roƙe ta, a banza. Gefen manuninta ya warke ya yi kanta, domin can yatsan ya koma da zama. Ta karɓi carbin da Yaya ya sayo, ta ce in yi masa godiya, na yi.

Da ta rasu, masu wanka suka ciro shi suka ba ni. Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, Yaya ya shigo ɗakinta ya same ni ina haɗa kaya. Tuni mun shirya a lokacin, furfura ta fara fito masa. Ya ga zaren a hannuna ya ce in ba shi ya gani. Ya matsa bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce ikon Allah, ashe bai ƙara gogewa ba, fuskar tana nan yadda ya bar ta, har hancin ana gani.

Na ce tana nan, ai tun ranar Inna ba ta sake taɓa ta ba.

Ya juyo yana kallona. Ban yi niyya ba, amma saƙon da na riƙe shekara da shekaru sai na ji ya taso, kuma mai shi ba ta nan balle in ce ina kare ta.

"Akwai saƙonta a wajena tun lokacin. Ta ce in wancan ya zo in ce masa ya yi haƙuri, ba ta san wanka yana ɓata abu ba."

Yaya ya nemi bakin gadonta ya zauna. Na ga ya dunƙule liyarin a tafin hannunsa gaba ɗaya, ba safa, ba yatsu biyu, ya matse shi har jijiyoyin hannunsa suka fito. Na bar shi a nan, na ci gaba da naɗe zannuwanta.